Itacen oak mai tsayuwar ginshiƙi: siririn kai ba ya rage masa girma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wani itace da nake reno a farfajiyar gidana a nan Jihar Hessen ta ƙasar Jamus. Tun ranar da na aika hotonsa zauren 'yan'uwa na WhatsApp tambayoyi ba su yanke mini ba, kuma masu tambayar sun kasu gida biyu. Akwai 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka waɗanda Allah ya hore wa gida mai ɗan ƙaramin fili, suna son itace mai kwarjini amma suna tsoron ya cinye musu wuri. Akwai kuma na gida Najeriya da Nijar da ke cewa in zo musu da irinsa idan na tashi zuwa hutu. Na ga ya fi dacewa in amsa wa kowa a wuri ɗaya, tun da na san jaridarku tana isa ga ɓangarorin biyu.

Itacen da ake magana a kansa shi ne oak, wanda Larabawa ke kira balluɗ, Jamusawa kuma ke kira Eiche. Ba mu da sunansa a Hausa saboda ba ya fitowa a ƙasarmu. A nan kuwa yana da matsayi irin wanda kuka ko tsamiya suke da shi a wurinmu, har ma reshensa ne aka zana a bayan kwabban Jamus na santi 1 da 2 da 5, kuma tsohon kwabon fenik 50 da aka daina amfani da shi hoton wata mata ne a durƙushe tana dasa shi. Oak na asali, wanda masana ke kira Quercus robur, yakan kai mita 25 zuwa 35 a tsawo, rassansa kuma su bazu faɗin mita 20 ko fiye, don haka babu mai hankalin da zai dasa shi a fili mai faɗin taku goma. Wanda nake da shi jinsin nan ne dai, sai dai rassansa maimakon su miƙe gefe sai su bi jikin uwar itacen su nufi sama, ya tsaya cak kamar ginshiƙi ko hasumiya. Masu sayar da dashe suna rubuta Fastigiata a takardar da ke rataye a jikinsa.

Asalin wannan siffa yana da nisan tafiyar ƙasa da sa'a guda daga gidana. A gefen wani ƙauye mai suna Harreshausen, kusa da garin Babenhausen, akwai wani tsohon oak da mutanen wurin ke kira Schöne Eiche, wato kyakkyawan oak, wanda aka ƙiyasta shekarunsa sun haura 500. Shi kaɗai ya fito da wannan tsayuwa a cikin dubban 'yan'uwansa, ba tare da hannun ɗan Adam ba, kuma tun ƙarni na 18 ake yankar rassansa ana aurar da su ga wasu tsirrai, har aka wayi gari ana ɗaukarsa a matsayin uban galibin masu wannan siffa a tsakiya da arewacin Turai. Na je na gan shi sau biyu. Guguwa da tsawa sun rage masa kai, tsufa ya bayyana a jikinsa, amma kaurin gindinsa ya isa ya wa duk mai shirin dasa jikansa a bakin taga wa'azi. Gani ya kori ji, kuma da na fara zuwa can kafin in sayi dashena na farko, da ban yi kuskuren da zan ambata ba.

A watan Oktoba na 2012, shekarar da muka tare a gidan, na sayi wani dashe a hannun wani mai sayar da tsirrai a kan kuɗin da bai kai rabin na sauran wurare ba. Ya tabbatar mini cewa siriri ne, kuma a lokacin siririn ne. Abin da ban tambaya ba shi ne ko ɗan aure ne ko kuwa daga ƙwallo aka tsirar da shi. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ya san bambancin: idan ka shuka ƙwallon mangwaro ɗan aure, ba lallai ne ka sami irin uwarsa ba. Haka abin yake a nan. Ƙwallon oak siriri yakan ba da 'ya'ya masu kama da uwar a wasu lokuta, wasu kuma su fito tsaka-tsaki, su yi shekaru suna tsaye tsaf sannan su fara buɗe hannuwa. Nawa ya fara buɗewa a shekara ta huɗu, zuwa ta biyar rassansa na ƙasa sun leƙa kan hanyar da muke bi da mota, kuma duk datsewar da na yi sai ta ƙara masa muni. A 2017 na sa aka tumɓuke shi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma ni shekara biyar ta ci mini, wanda a rayuwar itace ba komai ba ne amma a rayuwar mai dasa shi da yawa ne. Wanda na maye gurbinsa da shi ɗan aure ne mai suna Koster, zaɓin manoman dashe na ƙasar Holan, wanda aka sani da riƙe siffarsa har girma. Shawarata ga mai saye ita ce ya nemi cikakken sunan nau'in a rubuce, ya kuma duba ƙasan gindin da idonsa don ya ga tabon auren.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin masu tambayata sun ɗauka cewa tun da kan itacen siriri ne, to ƙaramin itace ne, za a iya matsa shi jikin bango kamar fure. Wannan fahimta ita ce ke jawo asara. Oak siriri yakan kai mita 15 zuwa 20, wato tsawon bene mai hawa biyar ko shida, faɗinsa kuma mita 3 zuwa 5, yana ƙara kauri idan ya manyanta. Sannan abin da ya takure rassansa bai takure saiwarsa ba. A ƙarƙashin ƙasa oak ne cikakke: yana fara da uwar saiwa mai nutsawa, daga baya ya shimfiɗa manyan saiwoyi gefe da gefe, su wuce inuwar kansa nesa ba kusa ba, suna neman ruwa. Mai kallonsa daga titi yana ganin sanda, amma abin da ke ƙasa ya fi kama da faifai.

Dokokin ƙasar nan ma da wannan idon suke kallonsa. Dokar maƙwabtaka ta Jihar Hessen ta lissafa wannan jinsi na oak cikin itatuwa masu girma ƙwarai, waɗanda dole a bar mita 4 tsakaninsu da iyakar maƙwabci, alhali ƙananan itatuwan ado mita ɗaya da rabi ya ishe su. Ni na bar mita huɗun cif, na kuma bar fiye da haka tsakaninsa da bangon gidana da bututun ruwan datti, ko da yake hakan ya sa bai tsaya a inda matata ta so ba. Ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha a Jamus, don haka mai dasawa ya tambayi ofishin ƙaramar hukumarsa tun kafin ya haƙa rami. Akwai kuma wata dokar da baƙi ba su cika sani ba: a birane da dama, itace idan ya kai wani kauri ya fita daga ikon mai gida shi kaɗai. A Farankfut, alal misali, itace mai zubar da ganye da kewayen gindinsa ya wuce santimita 60 ba a sare shi sai da izinin hukuma. Na farkon nan nawa na cire shi tun bai kai nan ba. Wanda ya dasa oak a wurin da bai dace ba ya bari shekaru suka ja, zai tarar cewa gyaran kuskuren ya koma hannun hukuma.

Ga 'yan'uwa mazauna Landan da kudu maso gabashin Ingila akwai ƙarin dalilin taka tsantsan. Ƙasar yankin yumɓu ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsuke idan ta bushe, kuma oak yana cikin itatuwan da suka fi kowane zuƙar ruwa. A shekarar fari saiwarsa takan tsotse damshin da ke ƙarƙashin harsashin gini, ƙasa ta tsuke, bango ya tsage, shi ya sa oak ke sahun gaba a itatuwan da kamfanonin inshora na can ke tuhuma idan tsohon gida ya nutsa. Wanda gidansa ke kan irin wannan ƙasa, da harsashi marar zurfi, gara ya haƙura da oak kowane iri ne, ya nemi itacen da bai kai shi ƙishirwa ba.

Mazauna Amurka da Kanada sun fi mu zaɓi, domin manoman dashe na can sun haɗa oak siriri na Turai da nasu na gida sun fitar da nau'o'i masu jure yanayinsu. Crimson Spire, wanda aka samu daga haɗi da farin oak na Amurka, yakan kai kimanin mita 14 da faɗin mita 4 da rabi, ganyensa kuma ya yi ja a lokacin kaka, abin da na Turai ba ya yi. Regal Prince ya ɗan fi shi faɗi kuma yana jure ƙasa mai riƙe ruwa. Kindred Spirit shi ne mafi siranta a cikinsu, faɗinsa bai cika wuce mita 2 ba. Akwai kuma Green Pillar, wanda jinsinsa daban ne, kuma a ƙasa mai yawan farar ƙasa ganyensa kan yi rawaya saboda ya kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Abin da na ce game da saiwa ya hau kansu duka.

Dasawar kanta ba ta da wuya, amma kurakuranta ba sa bayyana sai bayan shekaru. Lokacinta shi ne bayan ganye ya zube, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ko kuma a watan Maris kafin toho, muddin ƙasa ba ta daskare ba. Wurin ya zama mai samun rana yini guda, domin a inuwa rassan kan yi sako-sako siffar ta lalace. Ramin ya yi faɗi ninki biyu na dunƙulen saiwar amma kada ya fi shi zurfi, ta yadda wurin da gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa zai kasance daidai da fuskar ƙasa. Binne wuyan itace yana kashe dashe fiye da yadda mutane ke zato, kuma mutuwa ce a hankali wadda ba a gane dalilinta. Na kafa turaku biyu na ɗaure shi da igiya mai laushi, na cire su bayan shekara biyu, na kuma baza ɓawon itace kewaye da shi ba tare da ya taɓa jikin gindin ba. Taki ban sa masa ba ko kaɗan.

Ruwa kuwa shi ne aikin gaske. Na dasa nawa a Nuwamban 2017, sai ga shekarar 2018 ta zo wa Jamus da zafi da fari irin wanda aka daɗe ba a gani ba, tun daga Afrilu har kaka, ciyawar unguwarmu ta ƙone ta zama kamar filin Idi a watan Maris. Dashen oak da aka tono daga gandun reno ya baro yawancin saiwarsa a can, saboda haka a shekaru ukun farko ba shi da hanyar neman ruwa da kansa. Ina ba shi bokiti shida zuwa takwas sau ɗaya a mako, a hankali don ya nutsa, maimakon yayyafi kullum wanda ke koya wa saiwa zama a sama. A shekarar farko da ta biyu da ƙyar ya ƙara tsawon tafin hannu, har na fara zargin an sake yi mini ta farko. Ashe aikin a ƙasa yake yi. Daga shekara ta uku ya kama tafiya, kuma da farin 2022 ya zo bai nuna ya san an yi ba. Yanzu ya haura mita 6.

Gyaran siffa ba ya cin lokaci idan an fara da wuri, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ƙarshen hunturu nakan duba ko wani reshe yana gasa da kan itacen, in cire shi don kai ya zama ɗaya, in kuma datse duk reshen da dusar ƙanƙara mai nauyi ta karkato waje. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure na uwar gindin ne, oak ne mai faɗi, sai a cire shi nan take. A Amurka akwai wata cutar fumfuna da ke toshe hanyoyin ruwa na oak, ƙwari ne ke kai ta kan sabon yanka, shi ya sa a jihohin da take ake hana datse oak daga Afrilu zuwa Yuli.

Akwai halaye biyu nasa da ya kamata mai saye ya sani don kada ya yi da-na-sani. Na ɗaya, ganyensa idan ya bushe ya zama ruwan ƙasa ba ya zubewa duka, yakan manne a jiki har ƙarshen hunturu sai sabon toho ya ture shi. Wasu suna ganin hakan muni ne, kamar itacen ya mutu. Ni ina ganin alheri ne, domin a watannin da sauran itatuwa ke tsirara shi ne ke kare tagar ɗakinmu daga idon masu wucewa, kuma duk wanda ya tashi a gida mai zaure da katanga ya san darajar wannan. Na biyu, idan ya manyanta zai riƙa zubar da ƙwallaye a kaka, kurege da tsuntsaye su kwasa su binne a ko'ina, kuma ƙwallayen da ɗanyen ganyen suna cutar da doki da saniya idan suka ci da yawa.

Cututtuka biyu na haɗu da su. Ɗaya farar fumfuna ce mai kama da an barbaɗa wa ganye gari, wadda ta bazu a Turai tun farkon ƙarni na 20, tana kuma kama sabon tohon tsakiyar shekara. Tana ɓata kyau amma ba ta kashe lafiyayyen itace, ban taɓa fesa mata magani ba. Ɗayar ita ce abin tsoro: gizakar wani faɗa-wuta da ke cin ganyen oak, mai tafiya a jere kai da wutsiya kamar ayari, tana saƙa farin gida kamar yanar gizo a jikin gindi daga Mayu zuwa Yuli. Gashinta yana ɗauke da dafi mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, yana shiga ido da maƙogwaro, iska tana ɗaukarsa, kuma yana nan da dafinsa a tsohon gida ko bayan gizakar ta tafi. A Ingila an fara ganinta a yammacin Landan a 2006, bayan ta shigo a jikin dashen oak da aka kawo daga nahiyar Turai, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta tsaurara ƙa'idar shigo da oak saboda ita. Shekarar da na ga gidanta a wani oak na bakin titinmu, na hana yara wasa a wajen na sanar da hukuma, ma'aikata suka zo cikin rigar kariya suka zuƙe ta da inji. Ba aikin tsintsiya ko wuta ba ne, kuma mai ƙananan yara ko mai ciwon asma a gida ya sa wannan a lissafi kafin ya dasa oak kusa da inda ake zama.

Saura 'yan'uwana na gida da ke jiran iri. Ina ba ku haƙuri, ba zan kawo ba, kuma ba rowa ba ce. Ƙwallon oak ba kamar gero ko ƙwallon dabino ba ne da ake ajiyewa, da zarar ya bushe ya mutu. Ko ya iso da ransa, shigo da iri ko tsiro sai da izinin hukumar killace tsirrai, kuma labarin gizakar Landan ya isa ya nuna hikimar wannan doka. Ko an sami izinin, itacen yana bukatar watanni na sanyi na gaske don ya yi barci ya farka da sabon toho, abin da hunturunmu ba ya bayarwa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maradi, ga wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwa. A nahiyarmu jinsunan oak da ke fitowa da kansu suna tsaunukan Maroko da Aljeriya da Tunisiya ne. A Afirka ta Kudu ma, inda Turawan Holan suka dasa shi a garin Stellenbosch tun ƙarshen ƙarni na 17 har ake yi wa garin laƙabi da birnin oak, akwai hunturu mai sanyi da ruwan sama, amma duk da haka itatuwan kan yi saurin girma cikinsu ya riƙa ruɓewa.

Wanda siffar ce kawai ta burge shi, ai yana da ita a gida: dogon itacen nan siriri mai ganye a rataye da ake jerawa a bakin katangun Abuja da Kaduna da Kano, wanda asalinsa daga Indiya da Siri Lanka ne, yana kuma jure zafinmu idan ana ba shi ruwa. Sai dai ina da ja a kan yawan dasa shi. A nan Jamus mutane suna gudun itace mai faɗi ne saboda rana ƙaranci take yi musu, kowa yana kishin hasken da ke shiga tagarsa, maƙwabci kan kai maƙwabci kotu a kan inuwa. A wurinmu inuwar ita ake nema, a ƙarƙashinta ake shimfiɗa tabarma, a ɗaure akuya, a yi karatun allo, kuma jerin siraran itatuwa goma ba za su sanyaya tsakar gida kamar darbejiya ɗaya ko mangwaro ɗaya ba. Ƙanena da ya fi kowa matsa mini na riga na gaya masa cewa kuɗin da zai kashe a kan ado ya sayi mangwaro ɗan aure da su, ya dasa shi nesa da bango da kuma ramin masai, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku,
daga Jihar Hessen, Jamus.